Gwaggon da Na Ɓoye

Ranar da muka zauna makokin Gwaggo a Gonin Gora, kujerun robar da aka aro daga coci ba su isa ba. Ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya shirya wa dangi da matan zumunta da tsofaffin abokan aikinta na masaƙa. Bai san da 'yan matan da suka riƙa sauka daga mota a bakin titin Abuja ba, wata da goyo, wata da jakar tafiya, wasu da hijabi, wasu da baƙin ɗankwali. Suna shigowa unguwa suna tambayar gidan Mama Hostal, maƙwabta kuma ba su san wannan suna ba, domin a nan da sunan ɗanta ake kiranta. Sai da suka kwatanta tsohuwar nan mai ɗaga murya idan tana magana, sannan aka nuna musu ƙofa.

Wata 'yar Bauci da muka yi karatu tare ta wuce kujerun, ta zauna a ƙasa a bakin ɗakin Gwaggo, ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Matan zumunta suka rage muryar waƙarsu saboda ita. Wani tsoho da suka yi aiki tare a Kakuri ya riƙa gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shekara ashirin suna sashe ɗaya, bai taɓa ganin zare ya tsinke a gabanta ta kira wani ya ɗaura mata ba. Mahaifina, ƙaninta, ya iso daga Gusau tun jiya, ya ɗora hularsa a kan gwiwa, in an yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai kawai.

Ina raba ruwa sai matar Yaya ta kamo hannuna ta kai ni gaban matan zumunta, ta ce musu ga yarinyar da ta zauna da Mama lokacin korona, lokacin da su kansu ba su iya zuwa wurinta ba. Matan suka yi ta sa mini albarka, ɗaya ta dafa kaina ta yi addu'a Allah ya ba ni masu kula da ni in na tsufa. 'Yan matan hostal suna zaune suna ji. Yaya ya lura da yadda suke kallona, sai ya yi musu bayani cewa ai ni ƙanwarsa ce, 'yar kawunsa. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Au."

Wannan albarka da aka sa mini ba tawa ba ce. Shi ya sa nake rubuta wannan, domin a san Gwaggo yadda take, a kuma san ni yadda na kasance.

Ita ce babba a ɗakinsu. Ta bar ƙauyenmu na kudancin Kaduna tana budurwa, ta sami aiki a masaƙa, ta ɗauko mahaifina yana ɗan firamare ta riƙe shi a ɗakinta na haya a Kakuri har ya zama ma'aikacin gwamnati. Masaƙa ta ba ta abubuwa biyu da ta tafi da su kabari. Ƙarar injuna ta kashe mata kunnen hagu, shi ya sa take magana kamar tana kiran mutum daga ƙetaren rafi. Ƙurar auduga kuma ta zauna mata a ƙirji, duk damina sai ta yi tari. Da aka rufe masaƙar ta yi tuyar ƙosai, ta yi wankau, daga baya wani Alhaji da ya gina gidan kwanan ɗalibai mata a Unguwar Boro ya ɗauke ta ta riƙa kula masa da wurin. Ita ke riƙe makullai, ita ke share tsakar gida da matakala, ita ke wanke banɗakin ƙasa in masu amfani da shi sun ƙi.

Da na sami gurbi a jami'a, mahaifina bai yi wata shawara ba, ya ce hostal ɗin Gwaggo zan zauna. Na isa da akwati mai taya da takalmi mai tsini, na tarar da ita da tsintsiya a hannu, zaninta ɗaure a ƙirji a kan wata tsohuwar rigar sanyi. Wasu 'yan mata biyu suna tsaye a baranda suna yi mata tsiya wai tana sharar kamar tana faɗa da ƙasa. Ta gan ni ta saki tsintsiyar ta buɗe hannu. Ni kuwa na ce, "Sannu, Mama," kamar yadda na ji sun ce, na wuce.

Da yamma na same ta a ɗakinta na gindin matakala, na ce mata gara kada kowa ya san dangantakarmu, kada a ce tana fifita ni. Ta juyo mini da kunnen dama ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta daɗe tana kallon takalmina, sannan ta ce, "To, ba laifi. Kin ci abinci?" Shekara uku ta riƙe mini wannan alkawari, ko da kuskure ba ta taɓa karya shi ba.

Ba ta iya riƙe sunaye ba, ko kuma ba ta ga amfanin riƙewa ba, sai ta riƙa kiran kowa da lambar ɗakinta. Ni ce Bakwai Babba. Abokiyar ɗakina, wata siririyar yarinya 'yar Aba mai karatun harhaɗa magunguna, ita ce Bakwai Ƙarama. In ta tsaya a tsakar gida ta ce Goma Sha Biyu ta zo ta kwashe shanyarta hadari ya taso, har masu shago a bakin titi sai sun ji. Tana da wata ɗabi'a ta kama bakin rigar mutum tana murzawa tsakanin yatsu biyu, ta gaya maka ko auduga ce ko roba, ko za ta kai shekara ko ba za ta kai ba. 'Yan mata suna jin haushin hakan, amma duk wadda za ta sayi atamfa sai ta kawo mata ta murza. Ba ta zuwa da gulmar kowa wurin Alhaji. In yarinya ta yi abin da bai dace ba, sai ta kira ta ɗakin gindin matakala ta ba ta wake ta tsince, suna tsinta tana yi mata faɗa, a ganinta a asirce, alhali duk bene yana ji.

Da cutar ta shigo aka rufe makarantu, yawancin ɗalibai suka watse cikin kwana biyu. Mu goma sha ɗaya muka rage. Wasu suna ajin ƙarshe sun ɗauka mako biyu ne za a buɗe, wasu gidajensu da nisa, ni kuma na tsaya jiran wata ƙawa da za mu tafi tare. Kafin mu farga an sa dokar kulle, an rufe hanyoyin fita daga jiha.

Alhaji ya bugo waya ya ce a sallami kowa a kulle gida, ba ya son a ce a gininsa cutar ta ɓulla. Muna tsaye muna jin amsar Gwaggo, domin ba ta iya waya a hankali ba. Ta ce, "Alhaji, in sallame su su tafi ina? Wannan Aba, wannan Bauci, wannan Yola. In kana so ka zo da kanka ka fitar da su, ga makulli a hannuna. Ni dai ba zan iya ba." Ya yi ta magana, ita kuma ta mayar da wayar kunnen hagu ta bar shi ya gama. Bayan kwana uku ya aiko da buhun shinkafa da jarkar manja, bai sake ta da maganar ba.

Yaya ma ya kira ya ce ta dawo Gonin Gora, an ce cutar ta fi kama tsofaffi da masu ciwon ƙirji, ita kuma duka biyun ne. Ta ce masa in ta tafi wa zai tsaya a kan yaran mutane. Ya ce ai ba yara ba ne, 'yan jami'a ne. Ta ce ya zo ya ga yadda suke dafa shinkafa sannan ya yi magana.

Washegari ta tara mu a tsakar gida, kowa nesa da kowa, ta ce daga yau tukunya ɗaya ce. Duk abin da ke ƙarƙashin gado a fito da shi. Aka tara garin kwaki da taliya da wake da madara a ɗakin ajiya, ta rataya makullin a wuyanta. Ta ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin get. Ta yayyanka tsofaffin zannuwanta, waɗanda ta ce auduga ce zalla, ta ɗinka mana takunkumi bibbiyu da allura da zare. Ta raba aiki: masu wanke-wanke, masu ɗebo ruwa a rijiyar maƙwabta in ba wuta, masu taya ta girki. Ta kuma kafa doka cewa ba wadda za ta wuni a ɗaki ita kaɗai. Wata 'yar Yola ta fara kwanciya da rana ba ta magana da kowa, Gwaggo ba ta tambaye ta abin da ke damunta ba, sai ta ce hannunta ya yi sanyi ba ta iya kitsa kanta, ta zo ta taimaka. Kullum sai ta sa ta tsefe kitson jiya ta sake wani, har yarinyar ta fara dariyar abin.

A ranakun da aka ba da dama a fita sayen abinci, ba ta yarda mu je ba. Ita ke fita da sassafe. Akwai wani ɗan kasuwa Ibo a Sabon Tasha da ya san ta tun zamanin masaƙa, yakan cika mata jaka da kayan miya. Sau biyu kuma ta tafi har Kakau wurin wata ƙawarta manomiya, rabin hanya a ƙafa, ta dawo da tsakin masara da alayyafo da yakuwa, ƙafafunta sun kumbura. A ranakun muka ci pate mai zafi a murfin tukwane saboda kwanuka ba su isa ba. Da azumi ya kama, ita da ba Musulma ba ita ke tuna wa 'yan mata huɗu masu azumi cewa rana ta kusa faɗuwa. Ta dama musu kunun tsamiya, ta hana mu sauran taɓa shi sai sun sha. 'Yar Bauci ta ce mata kunun ya yi tsami da yawa, Gwaggo ta ce to gobe ta zo ta dama, ta kuwa sa ta dama har salla.

Faɗa ɗaya na ga ta yi da gaske a makonnin farko. Ta kama wata ta ɓoye kwalin taliya a cikin bokitin wanki. Ba ta ƙwace ba. Ta dafa shi duka, ta ajiye a gabanta, ta ce ta ci muna kallo. Yarinyar ta kai cokali biyu ta fashe da kuka. Gwaggo ta zauna kusa da ita ta karɓi cokalin ta ci, ta miƙa wa ta gaba, aka zagaya har ya ƙare. Ba a sake maganar ba.

Kowace la'asar sai ta sa kowa ta kira gida a gabanta, domin ta ce uwar da ba ta ji muryar 'yarta ba ba za ta iya cin abinci ba. Wani lokaci ta karɓi wayar ta gaya wa uwar cewa yarinyarta lafiya lau, har ta yi ƙiba. Idan layi ya zo kaina, sai in kira mahaifina. Tana zaune a kan turmi tana jin muryar ƙanin da ta raina tana fitowa daga wayata. Yakan ce in ba shi Gwaggona, ni kuma in ce tana aiki, zan gaya mata. Ba ta taɓa miƙo hannu ba. Sai ta sunkuya ta ci gaba da gyaran ganye.

Sai Bakwai Ƙarama ta kwanta. Zazzaɓi ne da farko, muka ce sauro ne. Kwana biyu sai tari. A rana ta uku da safe ta ɗauki sabulun wanka ta shinshina, ta ce mini ba ta jin ƙanshinsa. Duk mun ji a rediyo abin da wannan ke nufi. Har yau ba mu san tabbas ko cutar ce ba, domin ba a gwada ta ba, amma a ranar ba wadda ta yi shakka.

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da yarinyar nan. Ta koya mini lissafin da ya kusa kayar da ni, na koya mata Hausar da take ciniki da ita a kasuwa. Amma da ta faɗi maganar sabulun, ban ga ƙawa ba, mutuwa na gani kwance a gadon da ke kallon nawa. Na fita na gaya wa sauran. Aka taru a baranda ana magana sama-sama, wata ta ce a kai ta ɗakin mai gadi da ke bakin get, wanda ba kowa a ciki, ba shi da ƙofa, rufinsa kuma yana yoyo. Kowa ta yarda amma ba wadda ta motsa. Ni na motsa. Na ɗaura takunkumi biyu, na sa leda a hannu, na shiga na ce mata ta tashi. Ta tashi tana dafa bango. Na jawo katifarta na turo ta daga matakala har tsakar gida, na biyo ta da akwatinta. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk laka. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana rawar sanyi, ta kira sunana sau ɗaya. Na ce mata ni ba zan mutu saboda kowa ba.

Gwaggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi katifar, ta ɗaga kai ta dube ni a saman bene. Na jira faɗa, irin wanda ake ji har bakin titi. Ta ajiye ludayin, ta naɗe katifar ta ɗora a kai, ta kai ɗakinta. Ta dawo ta hau matakala tana haki, ta riƙo yarinyar a kafaɗa ta sauko da ita. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, "Matsa, Bakwai." Shi ke nan.

Ta kira wata nas da suke zumunta ɗaya, nas ɗin ta gaya mata abin da za ta yi da alamun da in ta gani dole a tafi asibiti. Gwaggo ta miƙa wa 'yar Bauci makullin ɗakin ajiya, ta ja layi da gawayi a gaban ƙofarta ta ce kada wadda ta tsallake. Muna ajiye abinci a kan layin muna ja da baya. Ta bar wa yarinyar gado, ita ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta bar taga a buɗe. Muna jin ta tana lallashinta ta sha ruwan zafi da citta, tana yi mata waƙoƙin coci da yarenmu, wanda duk gidan ni kaɗai ke ji. Kwana tara, yarinyar ta fito tsakar gida da ƙafafunta ta zauna a rana.

Bayan kwana huɗu Gwaggo ta kasa tashi.

Nata bai zo da sauƙi ba. Daga saman bene muna jin numfashinta kamar ana zuga wuta da mafici. Bakwai Ƙarama, wadda ko ƙarfin ɗaukar bokiti ba ta da shi, ita ke juya ta, ita ke goge mata jiki. Da nas ɗin ta zo ta duba ta, ta fito ta ce ba za a jira ba, ta samo mota a kai ta asibiti. An kira Yaya, amma yana can ƙauye wajen gona, dokar kulle ta tare shi, sai gobe ko jibi. Nas ta tsaya a tsakar gida ta ce ana bukatar wani nata ya bi ta, wanda zai tsaya a kanta ya amsa tambayoyin likita. Ta ce, "Ba wani danginta a kusa?"

Ina tsaye kusa da bokitin wanke hannu. Na san shekarunta, na san maganin hawan jinin da take sha, na san sunan ƙauyenmu da sunan uwarta. An fito da ita an jingina ta a jikin ƙofa, idonta biyu. Ba ta dube ni ba. Ta kafa ido a ƙasa, kuma na san don ni ta yi haka, don kada idonta ya tona ni. Na buɗe famfon bokitin na fara wanke hannu.

Bakwai Ƙarama ta ce da Hausarta mai tangal-tangal, "Ni ne 'yarta." Ta shiga motar.

Mako biyu Gwaggo ta yi a asibiti. Da Yaya ya iso ya tambayi ina nake, ta ce masa ita ta hana ni zuwa, na yi ta kuka zan biyo ta ta rantse mini kada in kuskura. Haka ta gaya wa mahaifina ma, ta ƙara da cewa ni ke yi mata komai kafin ciwon ya yi tsanani. Daga asibiti Yaya ya wuce da ita Gonin Gora. Ba ta sake komawa aiki ba, ƙirjinta bai ƙara yarda ta hau matakala ba. Da aka buɗe hanya kowa ta kama gabanta. Bakwai Ƙarama ta kwashe sauran kayanta daga ɗakinmu ina banɗaki, da muka dawo karatu kuma ta nemi wani gida. In mun haɗu a makaranta mukan gaisa kamar waɗanda suka taɓa shiga mota ɗaya.

Na gama karatu, na sami aiki a Abuja. Duk lokacin da zan je Gusau sai motarmu ta bi ta Gonin Gora, in ga masu gasa masara da masu doya a bakin titi, in ga kwanar gidan Yaya, in ce sai na dawo. Na aika mata atamfa, na aika magani. Zuwa ne ban iya ba.

Bara da damina na daure na sauka. Na same ta a zaune a kan tabarma a inuwar mangwaro, ta rame, tana ɗinke wa jikarta rigar makaranta. Ta yi murna, ta murza hannun rigata ta ce roba ce, an cuce ni. Da matar Yaya ta shiga ciki, na matsa kusa da kunnenta na dama na ce na zo neman gafara, na ɓoye ta shekara uku, na kuma yi shiru ranar da aka tambayi danginta.

Ta ci gaba da ɗinki. Can ta ce, "Wannan ai yarinta ce. Mai shara ce ni, ke kuma kin zo da takalminki mai tsini. Babanki ma da ya shiga sakandare ya taɓa wuce ni a Kakuri da abokansa bai gaishe ni ba. Ranar asibiti kuma tsoro ne, kowa na jinsa, ni ma ina ji." Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Amma ranar da kika jefo katifar yarinyar nan cikin laka, ranar na gode wa Allah da ba wanda ya san ke tawa ce."

Ban iya ɗaga kai ba. Ta ce ba ita ya kamata in zo wa ba, ita ba ta riƙe ni da komai ba. In nemi yarinyar mutane in roƙe ta. Na ce to. Ta kira matar Yaya ta ce a zuba mini abinci, ta tsare ni sai da na cinye.

Lambar tana cikin wayata. Wata takwas ina buɗe ta ina rufewa. Ban kira ba sai ranar da Yaya ya bugo mini da hantsi ya ce Mama ta cika, tana zaune a kujera bayan ta sha koko.

Na kira Aba. Ta ɗauka, ta gane muryata. Na ce Mama Hostal ta rasu. Na ji ta ajiye wani abu, sannan kuka. Da ta lafa na ce akwai abin da ban taɓa gaya mata ba, Mama yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta ce ta sani tun a asibiti. Ta ce a kwanakin da zazzaɓi ya fi zafi, Mama ta riƙa tambaya ko uwarta ta ci abinci. Ta ɗauka ruɗewa ce, tana kiran matacciya, sai da ta ji ta ce uwarta ta ɗaki bakwai. Sunan kakata aka sa mini, kuma tun ina jaririya Gwaggo ba ta kirana sai da Uwata. Da ta farfaɗo ta roƙi yarinyar kada ta nuna mini ta sani.

Na ce mata akwai kuma maganar katifa. Ina jin hayaniyar shagon maganin da take aiki a bayanta. Sannan ta ce, "Bari mu binne Mama tukuna."

Ba ta sami zaman makokin Gonin Gora ba, kai tsaye ta wuce ƙauye ranar jana'iza, bayan kwana a hanya. Da aka ce 'ya'ya su matso su zuba ƙasa, Yaya ya kira ni, ya kuma kira ta, domin ya tuna wadda ya tarar a bakin gadon uwarsa. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ta zuba nata na zuba nawa. Ta koma da motar farko washegari. Ta riƙe hannuna a tasha, amma ba ta ta da maganar ba, ni ma ban ga ina da ikon matsa mata ba. Ina jira.

Na gaya wa mahaifina da Yaya gaskiya bayan kwana uku da binnewa. Yaya ya tashi ya fita. Mahaifina ya ce, "Ita ta rufa miki, ke kuma kin buɗe. To, ki riƙe." Ga shi na riƙe.

Allah ya ba Gwaggo hutun da ba ta samu ba a masaƙa, ba ta samu ba a gindin matakala. Ya buɗe mata ƙirji ta yi numfashi ba wahala. Ya saka mata da abin da ta yi wa 'ya'yan mutane goma sha ɗaya, har da wadda ba ta cancanta ba. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, ni kuma ya gafarta mini. Amin.